Yadda Ake Neman Ƙwararren Mai Tausa da Gasa Jikin Doki a Kaduna

Dokin da ya saba karɓar sirdi cikin ladabi, wata safiya sai ka ga ya lotsa baya tun ana ɗora masa zubka. Ko wanda ke juyawa hagu da dama ba gardama, yau ya ƙi dama sai an yi kokawa da linzami. Duk mai turke ya san irin wannan rana, ya kuma san abin da ke biyo baya: kafin la'asar an kawo masa sunayen mutum uku, kowanne ana cewa ba kamarsa a tausar doki. Na haura shekara ashirin ina kiwon dawaki a nan Kaduna, na kira masu wannan sana'a sau ba adadi. Na ga wanda hannunsa ya miƙar da doki, na ga wanda hannunsa ya kwantar da shi. Ga hanyar da nake bi yanzu kafin in bar wani ya taɓa min dabba.

Aikin da muke magana a kai shi ne tausar tsoka, miƙar da gaɓoɓi, gashi da ɗumi ko da sanyi, da tsara atisayen da zai dawo da ƙarfin doki sannu a hankali. Yana amfani ga tsokar da ta ɗaure, ga bayan da sirdi ya wahalar, ga dokin da ya daɗe a turke yana jinya. Ba ya ɗora karaya, ba ya fitar da mugunya daga kofato, ba ya kashe cutar da kaska ta zuba a jini. Masu yinsa a wajenmu iri uku ne: likitan dabbobi da ya ƙware a dawaki, likitan gashin ƙashi na mutane da ya ƙaro ilimi a kan dabba, sai kuma tsohon hannu da ya tashi a barga ya koya wurin magabata. A kowane rukuni akwai na ƙwarai, akwai kuma wanda suna kawai ya ara.

Kayan da za ka tanada

Littafi da biro, waɗanda za su zauna a barga. Waya mai ɗaukar bidiyo. Ma'aunin zafin jiki, irin na kemis ma ya isa. Agogo mai nuna daƙiƙa. Ragama da igiya doguwa. Ƙugiyar sakace kofato. Sirdin da ake hawan dokin da shi, da zubkarsa da majayinsa da linzaminsa, kada a kawo na ado a ɓoye na kullum. Fili mai tauri wanda ba gangara, tsawon kamar mita 25 zuwa 30. Mutum ɗaya da dokin ya saba da shi, wanda zai riƙe shi ya kuma ja shi. Sai lambar likitan dabbobi, da jerin duk wata allura ko magani da aka ba dokin a wata guda da ya wuce, har da wanda yaron barga ya sayo da kansa bai faɗa maka ba. Tambaye shi cikin lalama, zai faɗa.

1. Fara da idonka

Kafin ka kira kowa, rubuta abin da ka gani da ranar da ya fara. Bayan wane aiki ne? Sukuwa, wasan polo, hawan salla, doguwar tafiya a mota? An canja sirdi ko mahayi? An yanke kofato kwanan nan?

Daga nan sai bidiyo. A ja dokin a filin nan mai tauri, igiya sake, ya tafi ya dawo a tafiya, sannan a sassarfa. Ɗauka daga gaba, daga baya, daga gefe. A sassarfa ne ɗingishi ya fi fitowa fili. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, za ka ga kansa yana ɗagawa lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauko lokacin da mai lafiya ta taka. Idan a baya yake, tsaya ta bayansa ka kalli ƙugu: ɓangaren da ya fi hawa da sauka shi ne abin zargi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai ja ya riƙe igiya gam a ƙarƙashin haɓa, sai kan ya kasa motsi, alamar ta ɓace.

Wannan bidiyo shi ne ma'auninka. Bayan mako uku da shi za ka gane ko an sami sauƙi ko kuwa idonka ne ya saba.

2. Tabbatar ba ciwon gaggawa ba ne

Auna abu uku yana tsaye a inuwa, ba bayan aiki ba. Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, kana iya jinsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16 a minti.

Akwai alamomin da in ka gan su, maganar tausa ta ƙare a nan, likita kawai za a kira: zazzaɓi, ƙin taka ƙafa kwata-kwata, kumburi mai zafi a jijiyar da ke bayan ƙwauri, kofato mai zafi, doki yana tura ƙafafun gaba yana jingina da na baya, birgima da waiwayen ciki, tangaɗi kamar mai maye, sandarewar jiki da muƙamuƙi bayan wani rauni, wanda kan iya zama tetanus, ƙuraje masu fashewa da suka jeru a ƙafa ko wuya.

Akwai ɗaya da nake so ka riƙe sosai, domin tana yawan faruwa gab da salla. Doki ya yi kwanaki a turke ana ɗura masa gero da dusa, ran nan aka fito da shi aka yi masa aiki mai nauyi. Cikin ɗan lokaci sai ya jiƙe da gumi, tsokar cinya da ƙugu ta yi tauri kamar dutse, ya ƙi tafiya, fitsarinsa ya fito ja-baƙi kamar shayi mai kauri. Tsoka ce ke lalacewa, abin da take zubarwa a jini kuma yana iya taɓa ƙoda. Mai son ya burge ka zai naɗe hannun riga ya hau matsa. Hana shi. A tsayar da dokin inda yake, a ba shi ruwa, a janye hatsi, a kira likita.

3. Likita kafin mai tausa

Wannan mataki shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin kuɗinsu daga baya. Na taɓa tsallake shi, dokina ne ya biya.

Ina da wani bidi da ya fara ɗingishi da ƙafar dama ta gaba, kwana kaɗan bayan dawowa daga hawa a Zariya. Aka kawo min wani da ake yabo, ya shafa kafaɗar sau biyu ya ce targaɗe ne. Kusan mako biyu yana zuwa yana murza man zafi, har gashin wurin ya fara zuba. Dokin kuwa kullum ƙara muni yake. Dattijon da ke kula da bargar maƙwabcina ne ya leƙo wata safiya, ya ɗora tafinsa a kofaton, ya ce, "Alhaji, wannan ƙafar ai wuta take. Ku bar kafaɗar nan haka." Da likita ya zo ya matsa ƙasan kofaton da abin matsawa, dokin ya zabura. Ya ɗan fafe wurin sai ga baƙar mugunya. Tsakuwa ce ta shiga ta yi ƙurji. Kwana biyu da fitar da ita dokin ya taka ƙafarsa. Har yau in na tuna kwanakin da ya yi yana tsaye a kan wannan azaba, raina yakan ɓaci.

Doki yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, kuma yawancin ɗingishin gaba daga ƙasa yake tasowa, daga kofato da gaɓoɓin da ke kusa da shi. Kafaɗa da baya sukan ɗaure ne saboda dokin yana kare ƙafar da ke ciwo. Wanda ya tausa bayan zai sa ka ga sauƙi na kwana biyu, sannan abu ya dawo.

Likitan da za ka nema ya kasance mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, VCN, kuma wanda ya saba da dawaki. Likitan kaji da likitan doki karatunsu ɗaya, amma hannunsu ya bambanta, kuma na ƙwarai ba ya jin nauyin ce maka ga wanda ya fi shi sanin doki. Idan abin ya buƙaci bincike mai zurfi, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 daga Kaduna. Tuntuɓe su kafin ka loda doki a mota.

In likita ba zai iya zuwa da wuri ba, tura masa bidiyon da alkaluman da ka auna, ka bi abin da ya ce kafin ya iso. Kada ka ba dokin maganin kashe zafi irin su buta (phenylbutazone) kafin a duba shi sai da izinin likita, domin yana rufe ɗingishin, a zo a duba a ga kamar lafiya lau. A ƙarshe ka tambaye shi kai tsaye: "Dokta, tausa za ta amfane shi? Ina za a taɓa, ina za a bari?" Rubuta amsarsa a littafin.

4. Kofato, haƙori, sirdi

Abubuwa uku ne ke mayar da aikin mai tausa baya. Kofaton da ya wuce mako 6 zuwa 8 ba a gyara ba yana canja yadda doki ke taku. Haƙoran da suka yi kaifi suna yankar kumatu, sai ya riƙa karkata wuya yana gudun linzami, a ɗauka ciwon wuya ne. Sau ɗaya a shekara a duba su.

Sirdi kuwa shi ne babban mai laifi. Ɗora shi ba zubka, ka ga ko yatsu biyu zuwa uku za su shiga tsakanin goshinsa da tudun da ke tsakanin kafaɗu. Kada ya danne ƙashin baya, kada kuma ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, domin bayan nan babu abin da ke tallafe nauyi. Bayan kilisa, cire shi ka kalli gumin: inda ya bushe shi kaɗai a tsakiyar jiƙa, nan ake dannewa. Farin gashi da ya tsiro a bayan akawal, wato baƙin doki, ba ado ba ne, tabon tsohon danni ne. Sirdinmu na gargajiya mai katako, idan an sassaƙa shi don wani doki aka ɗora wa wani, tara zubka uku ba ya gyara shi. Kai wa mai sirdi ya gyara, ko a canja.

5. Inda ake samun sunaye

Yanzu ne lokacin tambaya. Kaduna gari ne na dawaki. Kulob ɗin polo da ke wajen Dandalin Murtala yana nan tun 1918, a nan ake buga gasar kofin Georgian Cup. Ga kuma kulob ɗin polo na Fifth Chukker ta wajen Maraban Jos. A irin waɗannan wurare ne dawakai ke yin aiki mafi wuya, gudu da birki da juyi, don haka a nan ake fi sanin wanda hannunsa ke aiki. Lokacin gasa ƙungiyoyi kan zo daga wasu garuruwa da masu kula da dawakansu, wata dama ce ta ganin hannu iri-iri. A Zariya akwai bargogin masu sarauta da suka gaji hawa kaka da kakanni. Akwai kuma Kwalejin Noma da Kimiyyar Dabbobi da ke Mando, inda za ka iya tambayar malaman lafiyar dabbobi.

Shawarata ita ce ka fi ba maganar masu kula da dawaki nauyi a kan ta masu dawakin. Mai doki yakan zo da yamma ya hau ya tafi. Wanda ke kwana a barga shi ya san dokin da ya warke da wanda aka sayar a ɓoye. Je da sassafe lokacin da ake share turke, ka gaishe da dattijon wurin yadda ya kamata, ka ce, "Baba, in dokinka na kanka ne, wa za ka kira?" Tambayi mai gyaran kofato ma, da likitanka. Sunan da ya fito daga bakin mutum uku da ba su haɗa barga ba, shi za ka sa a gaba.

Wanda ka gani a Facebook ko TikTok yana ƙwanƙwasa bayan doki ana tafi, kada ka ɗauki bidiyonsa a matsayin shaida. Ba wanda ke ɗora hoton dokin da ya lalata.

6. Yi masa tambayoyi

Mai tausar doki suna ne da kowa ke iya raɗa wa kansa, saboda haka tantancewa a wuyanka take. Tambaye shi a ina ya koya, wurin wa, shekara nawa. Idan ya ce shi likitan dabbobi ne, nemi lambar rajistarsa ta VCN. Idan likitan gashin ƙashi ne na mutane, hukumar da ke yi musu rajista ita ce MRTB, sannan ka tambayi inda ya koyi jikin doki, domin ginin jikin mai ƙafa huɗu daban yake. Doki ko ƙashin wuyan riga da ke haɗa kafaɗa da ƙirji ba shi da shi, tsoka ce ke riƙe da kafaɗarsa. Idan ya nuna takarda daga waje, duba tsawon karatun da ko an sa hannu a kan dawakai na gaske. A Ingila, 'yan ACPAT, ƙungiyar masu gashin ƙashi na dabbobi, sai sun zama likitocin gashin ƙashi na mutane kafin su ƙara karatu a kan dabbobi. Akwai kuma takardar da ake samu ta intanet cikin 'yan kwanaki. Duka biyun ana iya sa su a firam.

Tsohon hannu ba shi da takarda, kuma ban taɓa raina shi saboda haka ba. Wasu daga cikin mafi iya karanta jikin doki da na sani ba su taɓa shiga aji ba. Shi shaidarsa dawakan da ya yi wa aiki. Nemi ya faɗa maka barga biyu ko uku, ka je da ƙafarka.

Ga tambayar da ta fi min amfani: "Malam, wane irin ciwo ne in ka gani za ka ce wannan ba naka ba ne?" Na ƙwarai zai lissafa maka ba tare da inda-inda ba, karaya, zazzaɓi, sabon ciwon jijiya, ciwon ciki. Wanda ya ce ai ba abin da ya gagare shi, yi masa godiya ka ba shi kuɗin mota. Haka wanda ya ɓata rai don ka ambaci likita, ko ya faɗa maka ciwon dokinka ta waya tun bai gan shi ba, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwana kaza.

Lura kuma da nasa tambayoyin. Wanda ya san aiki zai so ya ji shekarun dokin, aikin da yake yi, abin da yake ci, abin da likita ya ce. In bai tambayi komai ba sai adireshi da kuɗi, ka riga ka ji amsa.

7. Je ka ga aikinsa a kan dokin wani

Gani ya kori ji. Roƙe shi, tare da izinin mai dokin, ka tsaya a gefe ranar da yake aiki a wata barga. Rabin sa'a ta isa ka ga yadda dawakin da suka san shi ke karɓarsa. In ba hali, a bargarka ka fara ba shi dokin da ƙalau yake, ya yi masa tausar gajiya kawai.

8. Ranar da ya zo

Zaɓi safiya ko bayan la'asar, a inuwa, ba lokacin da ake rabon harawa ba. A goge dokin, ya bushe. Kai ma ka kasance a wurin daga farko har ƙarshe, kada ka bar wa yara.

Duba ko ya wanke hannu da kayansa kafin ya shiga. Mutumin da ke yawo barga zuwa barga yana iya kwaso ciwon fata ko na majina ya sauke maka.

Na ƙwarai ba ya fara da matsa. Zai tsaya nesa ya kalli tsayuwar dokin, ya sa a ja shi a tafiya da sassarfa, wataƙila a zagaya da shi da'ira hagu da dama. Zai ce a kawo sirdin. Zai bar dokin ya shinshine shi, sannan ya bi jikin da tafin hannu tun daga bayan kunne har gindin wutsiya, yana gwada hagu da dama, yana neman zafi, kumburi, ko tsokar da ta fi 'yar uwarta tauri ko ta rame. Zai ɗaga ƙafafu huɗu ya leƙa kofato. Sai bayan duk wannan zai fara aiki, da sauƙi, yana ƙara nauyin hannu kaɗan kaɗan. Miƙar da ƙafa tana zuwa ne bayan tsoka ta yi ɗumi, ba da fizga ba. Zaman farko yakan ɗauki kusan sa'a guda. Wanda ya gama cikin minti goma bai duba komai ba.

Kai kuma dokin za ka kalla, shi ne ba ya yi wa kowa kara. In hannun ya yi masa daɗi, kansa zai sauko, idonsa ya yi laushi, leɓen ƙasa ya saki, ya yi ta lasa da tauna ba komai a bakinsa, ya yi hamma, ya saki dogon numfashi, ya jingine ƙafar baya ɗaya. In an taɓa wurin ciwo zai ɗan noƙe, wannan ba laifi, amma sai ka ga mai aikin ya sassauta ya zagayo daga baya. Idan kunnuwa suka manne baya, wutsiya tana kaɗawa da ƙarfi, yana neman cizo ko harbi, shi kuwa ya ce a ƙara riƙe shi, ko a murɗe masa leɓe don ya ci gaba, tsayar da aikin.

Akwai abubuwan da ba na yarda a yi a bargata ko da waye. Allura daga hannun wanda ba likita ba, musamman ta sa barci ko irin su dekza (dexamethasone), wadda in an yi ganganci da ita tana iya jawo mummunan ciwon kofato. Lalas da ƙarfe mai zafi a kan jijiya. Shafa abin da ke saɓule fata, ko baƙin man inji. Duka da guduma ko hawa kan bayan doki da sunan mayar da ƙashin da ya goce. Ƙashin bayan doki yana lulluɓe da tsoka da jijiyoyi masu kaurin gaske; in da gaske ya goce, wannan doki ba zai tsaya yana jiran kowa ba. Irin wannan aiki shi ne garin neman gira a rasa ido. Na'urori masu wuta ko haske kuma ba su ne gwaninta ba. In ya zo da su, ya yi maka bayanin abin da kowacce ke yi da dalilin sa ta a wannan wurin.

Kafin ya tafi, ya faɗa maka abin da ya samu a harshen da za ka gane, ya nuna maka da hannunka, ka rubuta. In abin da ya gani ya saɓa da na likita, haɗa su a waya su yi magana.

9. Ku yi magana a buɗe kan kuɗi da tsari

Tun kafin ya taso ku daidaita: nawa ne zuwa ɗaya, kuɗin mota a ciki yake ko daban, mai da bandeji wa zai saya. Biya a kan kowane zuwa. Kada ka ba da kuɗin wata guda gaba ɗaya ga wanda ba ka gwada ba. In kuna da dawaki a unguwa ɗaya, ku haɗa rana ku raba kuɗin mota, musamman in daga Zariya zai taso.

Tambaye shi zuwa nawa yake ganin za a buƙata, da abin da za ku riƙa yi tsakanin zuwa da zuwa. Wanda ya damu da dokin zai koya wa yaron barga aikin gida, domin minti goma na kullum ya fi sa'a guda ta mako-mako tasiri. Wanda ke ɓoye hannunsa don a yi ta kiransa, da aljihunka ya damu.

10. Auna sakamako

Bayan tausa, ba dokin kwana ɗaya ko biyu na tafiya a hannu, ban da sukuwa. Ɗan tsamin jiki washegari ba abin tsoro ba ne. Ƙarin ɗingishi, kumburi ko ƙin abinci kuwa, kira likita.

Bayan zuwa na uku, sake ɗaukar bidiyo a fili ɗaya, da mai ja ɗaya, ka ajiye shi kusa da na farko. A abin da na saba gani, matsalar da ta tsaya a tsoka takan nuna sauƙi a cikin wannan lokaci. In ba canji, a koma wa likita, akwai abin da ba a gano ba. Mai gaskiya shi zai riga ka faɗin haka.

Ciwon jijiyar bayan ƙwauri lissafinsa daban. Yakan ɗauki wata tara zuwa shekara, ɗingishin kuma yana ɓacewa tun jijiyar ba ta gama haɗewa ba. A nan ne masu dawaki ke cutar kansu: salla ta matso ko gasa ta zo, doki yana tafiya daidai, sai a ɗaura sirdi. Tsarin dawowa aiki daga likita zai fito, mai tausa ya bi shi, kai kuma ka danne zuciyarka ka ari doki a bana.

In ba ka sami kowa ba

Wani lokaci za ka bi duk wannan ka rasa wanda hankalinka ya kwanta da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In likita ya tabbatar ba wani babban ciwo, akwai abin da kai da yaronka za ku iya ba tare da haɗari ba.

Sabon kumburi mai zafi, ruwan sanyi ake kwarara masa minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. In ba famfo, ruwan randa da tsumma a riƙa sabuntawa, ko ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Tsokar baya da ta daɗe a ɗaure kuwa ɗumi take so: tawul a ruwan da hannunka zai iya jurewa, a matse, a shimfiɗa. Bayan nan ka bi tsokar gefen baya da tafin hannu, kana bin kwanciyar gashi, ba ka hawa kan ƙashi.

Sai miƙa da karas. Tsaya a gefen kafaɗarsa, ka ja hancinsa da karas a hankali zuwa inda majayi ke zama, sannan zuwa ƙugu, hagu da dama, sannan zuwa ƙirji da tsakanin ƙafafun gaba. Ya riƙe 'yan daƙiƙoƙi kowane wuri, sau uku zuwa biyar, bayan ya ɗan yi tafiya jiki ya yi ɗumi. Shi zai kai kansa, ba a tura shi. Kula da yatsunka, doguwar karas za ka zaɓa.

A lokacin hunturu, da ƙasa ke tauri safiya ke sanyi, a yi tafiyar minti 10 zuwa 15 kafin kowace sassarfa. Dokin hawan salla kuma a fara fita da shi kilisa mako shida zuwa takwas kafin ranar, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, a makonnin ƙarshe a riƙa ɗora masa kayan da zai ɗauka ranar hawa. Ranar da bai fita ba, a rage masa hatsi a ƙara ciyawa.